Tambaya da Amsa: Rijiyoyin Kaduna na ƙafewa, ruwan sama na tafiya a kwata

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk maganar rijiya ce, kuma ba abin mamaki ba ne tunda bazara ta kankama, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Na ɗebi shida daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Waɗanda suka yi tambaya a kan wankin tanki da tsatsar bututu su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Daga wata uwargida a Rigasa: Baba Injiniya, barka da aiki. Rijiyar gidanmu surukina ne ya haƙa ta, gaba bakwai ce. A da ko tsakiyar bazara guga ba ya dawowa wayam. Yanzu daga watan Fabrairu sai laka, sai saye har ruwa ya sauka. Ɗana da ke sakandare ya ce sauyin yanayi ne, maigida ya ce bohol ɗin maƙwabta ne ke shanye mana. Wa ya fi gaskiya?

Hajiya, kowannensu ya riƙo gefe guda, amma in raba gardama kike so, maigida ya ɗan fi kusa. Sai dai kada ya yi saurin murna, don akwai mai laifi na uku da ba wanda ya ambata, kuma ina kyautata zaton yana tsakar gidanku: daɓen siminti.

Mu fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarki. Mutane da yawa na zaton akwai wani kogi a can ƙasa da rijiya ke tararwa. A Kaduna babu shi. Garin nan a kan fa yake zaune, irin dutsen da ke fitowa fili a tsakiyar Kogin Kaduna idan ruwa ya ja, irin na Kufena a Zariya da na Kajuru. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Abin da ke riƙe ruwa shi ne samansa da ya ruɓe a tsawon zamani, sai kuma tsagogin da ke jikinsa. Duk mahaƙin rijiya ya san jerin: baƙar ƙasa, sai jar ƙasa da marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalƙyali da diga ke ci, daga nan sai diga ta yi ƙara ta dawo. Kaurin wannan duka a yawancin wurare bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, wani wurin ko haka bai kai ba. Ki ɗauka katifar soso ce aka shimfiɗa a kan daɓe, damina ta jiƙa, mu kuma mu yi ta matsa har wata daminar. Ba ta da wata hanyar samun ruwa sai ta sama, ba ta kuma iya ajiye na shekaru da yawa.

Maganar yaronki tana da tushe. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1 a kan yadda take a ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk digiri guda da aka ƙara, iska na iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin 100. Abu biyu ke biyo baya: rana ta fi saurin tsotse danshin ƙasa, hadari kuma idan ya haɗu ya fi zubowa da ƙarfi. A 2017 wasu masana sun fitar da sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mu muna kudu da Sahel, amma hadarin da ke taso mana daga gabas danginsu ne.

Duk da haka kada a ce ruwan sama ya ƙare mana. Kaduna na samun kimanin milimita 1,200 a shekara. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san abin da ake kira rashin ruwa, kuma daga shekarun 1990 zuwa yau damina ta ɗan farfaɗo. Abin da ya sauya shi ne yadda ruwan ke zuwa. Markar da ke kwana tana yayyafi ita ce ke ratsa ƙasa. Ruwan da zai zubo kamar da bakin ƙwarya cikin awa guda, sannan a yi kwanaki ba ɗigo, gudu yake yi. An daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa, haka ne, amma ƙasa tana da iyakar abin da za ta iya sha a awa ɗaya, kuma sai ta samu inda za ta sha.

To ina za ta samu a Rigasa ta yau? Lokacin da surukinki ya haƙa rijiyar nan, na san gonaki ne da filaye kewaye da ku. Yanzu gida na jingine da gida, sama kwano, ƙasa siminti ko intalok. Indararo ya zuba a lungu, lungu ya miƙa wa kwata, kwata ta kai rafi, rafi ya kai Kogin Kaduna, sai Shiroro. Ruwan da kika rasa a rijiya a watan Maris shi ne wanda ya shiga ɗakunan mutanen bakin kogi a watan Agusta da Satumba. Mutanen Kigo Road ba su manta da ambaliyar 2003 ba, kuma tun daga lokacin ginin gari ƙaruwa ya yi.

Sai bohol. Gaba bakwai bai wuce mita 12 zuwa 13 ba. Sumon maƙwabcinki, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin bohol, wataƙila yana mita 40. Idan ya kunna, ruwan da ke kewaye da shi yana gangarawa wajensa, kuma rijiyar da ta fi kusa da sama ita ke fara bushewa. Ba bohol ɗaya ba ne ma, ki ƙirga na layinku. Kina iya gwadawa da kanki: ki auna ruwan da igiyar guga da asuba bayan an kwana ba wuta, ki sake aunawa ranar da aka wuni da wuta kowa ya cika tanki. In kin ga bambanci a fili, maigida ya ci gardama. Amma ba abin faɗa da maƙwabci ba ne, shi ma neman ruwa ya kai shi. A yashe rijiyar, in ba a kai ga fa ba a ƙara mata zurfi, sannan ku karanta amsar da na bai wa malamin Unguwar Dosa tare da maigidan.

Daga wani magidanci a Ɗanbushiya: Injiniya, na haƙa bohol mita 45, shekara biyu yana ba da ruwa, bana ya fara yankewa, minti goma sai iska. Mai injin haƙa ya ce a koma mita 150, wai ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. In biya?

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Karin maganar gaskiya ce, amma ta fi zama daidai a Maiduguri da Gwandu. Can ƙasarsu shimfiɗun yashi ne da laka, ɗaya kan ɗaya har ɗaruruwan mitoci, saboda haka in ka wuce wani ruwan za ka tarar da wani. A Borno an yi zamanin da ake huda ƙasa ruwa ya yi ta feshi da kansa ba inji. Ko can ɗin ma ƙarfinsa ya ragu, don ruwan ƙasa-ƙasan tsohon ajiya ne na dubban shekaru, daminar yanzu ba ta mayar da shi.

A Kaduna kuwa, da zarar ka wuce ruɓaɓɓen dutse ka shiga fa, ba ka da abin dogaro sai tsaga. In ka dace da ita, madalla. Tsagogin nan kuma raguwa suke suna matsewa yayin da ake nutsawa, saboda nauyin abin da ke sama, har ya zama bayan mita 100 sa'a ce kawai. Ban ce ba a taɓa dacewa ba. Na dai ga ramuka masu zurfin gaske da ba su ba da komai ba sai farar ƙura. Ka kuma tuna da mita ake biyan mai haƙa. Ban zarge shi da komai ba, amma wanda zai ba ka shawarar zurfi bai kamata ya zama wanda zai karɓi kuɗin zurfin ba.

Yankewa bayan minti goma sau da yawa alama ce ta cewa sumon ya fi ƙarfin ramin. Bohol da yawa a irin ƙasarmu ba sa ba da ko lita 1 a daƙiƙa, sai a saka musu injin da ke jan ninkin haka. Ya kwashe abin da ya taru, ya ja iska, wata rana ya ƙone. Ka nemi a yi gwajin ja, a ga nawa ramin ke bayarwa da kuma tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo. In kaɗan ne, a saka ƙaramin inji mai ja a hankali tsawon yini zuwa babban tanki. A nan sola ta fi janareta dacewa. In kuma dole sai sabon rami, a fara yin sabe, wato binciken ƙasa da na'ura, kuma masanin ƙasa ya yi, ba yaron mai mota ba. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan kan hanyar Mando, a garinmu take, aikinta ke nan horar da masu wannan sana'a. Da unguwarku sabuwa za ta haɗa kai gida biyar ko goma su yi bohol guda a inda sabe ya nuna, da ya fi kowa ya huda nasa a inda katangarsa ta ba shi dama.

Daga wani malamin makaranta a Unguwar Dosa: Ranka ya daɗe, na ji a rediyo ana cewa a wasu ƙasashe ana mayar da ruwan sama cikin ƙasa da gangan. Talaka mai gida ɗaya zai iya, ko aikin gwamnati ne?

Malam, Allah ya yi maka albarka, wannan ita ce tambayar da nake jira. Zai iya, kuma tunda kai mai alli ne bari mu yi lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wanda ƙaramin gida ne, yana karɓar lita 120,000 a damina guda. Jarka mai lita 25 guda 4,800 ke nan. Ko an zubar da kashi ɗaya cikin biyar, saura ya kusa lita 100,000. Gida mai mutum takwas, in kowa na amfani da lita 50 a yini, zai ci wata takwas da wannan. Ba tankin da talaka zai saya ya riƙe shi. Ƙasa kuwa za ta riƙe, kyauta, ba rana ba sauro.

Hanya mafi arha ba ta buƙatar komai sai haƙuri da laka: kada a daɓe tsakar gida duka. A bar wani sashe da ƙasa, a zuba tsakuwa ko a shuka wani abu, a karkata indararo can. In intalok za a sa, a shimfiɗa shi a kan yashi, kada a yi masa siminti a ƙasa, kada kuma a shimfiɗa leda kamar yadda na ga wasu na yi don hana ciyawa.

Ta biyu ita ce ramin shan ruwa. Kafin ka kira lebura, gwada ƙasarka. Haƙa ɗan rami zurfin gwiwa zuwa ƙugu, cika shi da ruwa, in ya shanye ka sake cikawa. In na biyun ya kwana ya wuni bai tafi ba, yumɓu ne, sai an zurfafa an wuce shi ko a sauya wuri. In ƙasa na sha, a haƙa rami kamar mita ɗaya da rabi kowane gefe, zurfin mita biyu, ko har a fasa marmara a taɓa ƙasa mai gari-gari. A jera manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kansu, yashi mai kauri a sama. A sa wa kwano gata mai raga don ganye, bututu ya sauko zuwa ramin. A rufe da murfin kankare mai ɗaguwa saboda yara.

Ga inda ake yawan kuskure. Ruwan farko na shekara, da na mintunan farko na kowane ruwa, wankin kwano ne: ƙurar hunturu, kashin tsuntsu da na ƙadangare. A yi masa hanya ya fita waje. Ana sa ɗan guntun bututu a tsaye mai murfi a ƙasa, ya cika da ruwan dattin tukuna sannan mai kyau ya wuce, bayan ruwa ya ɗauke a buɗe a zubar. Na biyu, ramin da aka cika da duwatsu kashi ɗaya cikin uku kawai na girmansa ke ɗaukar ruwa, wato kamar lita 1,500 a wanda na kwatanta, alhali ruwan milimita 50 a dare guda zai sauko da lita 5,000 daga kwanon nan. Dole a yi masa mafitar rara zuwa kwata, in ba haka ba ka wayi gari tsakar gida tafki. Na uku, a nisanta shi da harsashin gini aƙalla mita 3, in gidan ƙasa ne a ƙara. Na huɗu, kuma shi ne babba, a nisanta shi da masai da sokawe. Ƙa'idar da aka saba bayarwa tsakanin masai da rijiya mita 30 ce. Filotin ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka mita 30 ne, ka ga a cikin gari ba kowa zai cika ta ba. Aƙalla ramin ya kasance a ɓangaren tudu, masai a gangare, can ƙarshen gida, a kuma duba ta ina na maƙwabci yake. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka a kwashe yashin sama a zuba sabo, don laka na toshe shi.

Akwai waɗanda ban ba su wannan shawara ba sam. Wanda rijiyarsa ke cikowa har a ɗiba da hannu a watan Agusta, kamar gidajen da ke kwari kusa da kogi, ƙasarsa ta riga ta ƙoshi, ƙari sai ya jiƙa bango ya taso da masai. Haka wanda ke jikin garejin kanikawa, gidan mai, marina ko mahauta.

Kada kuma in yi maka alkawarin da ƙasa ba ta yi ba. Ruwan da ka zuba ba ya sanin katanga, wani zai gangara rijiyar maƙwabci, kuma rami ɗaya ba zai tayar da unguwa ba. Ka ɗauke shi sadaka, in layi guda suka yi kowa ya sha na kowa. Inda abin ya fi tasiri shi ne manyan rufi: makarantarku, masallatan Juma'a, coci-coci, rumfunan kasuwa. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda birnin Chennai yake, tun 2003 doka ta wajabta wa kowane gini tara ruwan sama. Ni a ganina ranar da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, za ta sa wannan cikin sharuɗɗan izinin gini, ko da a ce kowane sabon gida ya bar wani kaso na filinsa ba daɓe, an yi rabin aikin ba tare da an kashe ko sisin gwamnati ba.

Daga wani matashi a Tudun Wada: Baba, akwai tsohuwar rijiya a gidanmu da ta ƙafe, lungunmu kuma na cika da ruwa duk damina. In na fasa kwata na juya ruwan cikinta, ba na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba?

A'a, ɗana. Kada ka kuskura. Ka san abin da ke cikin kwatar Tudun Wada, ka san abin da wasu ke saki cikinta da zarar hadari ya haɗu. Abin da ke tace ruwan sama shi ne mitocin ƙasar da yake ratsawa a hankali kafin ya isa ƙasa. Rijiya ta tsallake wannan duka, kai-tsaye take kaiwa. Ranar da ka juya kwata cikinta ka zuba wa duk rijiyoyin layinku, har da bohol ɗin da ba a yi wa siminti a wuya ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, akasari a Arewa, kuma ta ruwan sha yake bi. Ruwan ƙasa in ya gurɓace ba a wanke shi da omo, shekaru yake ɗauka.

Ruwan kwano kaɗai, wanda aka zubar da na farkonsa aka tace da yashi da tsakuwa, shi za a iya sakawa a tsohuwar rijiya, bayan an yashe ta an yi mata murfi. In ba za a yi haka ba a cike ta da ƙasa mai tsabta. Masu mayar da matacciyar rijiya bola ko masai su ma wannan amsar tasu ce.

Daga wani manomin rani a ƙaramar hukumar Igabi: Injiniya, muna noman tumatir da albasa a bakin wani rafi. A da muna tona yashi kamu biyu mu sami ruwa har watan Afrilu. Yanzu rijiyoyin fadama na janyewa tun Fabrairu, ga masu tifa na kwasar yashi. Me za mu yi?

Malam, ka amsa rabin tambayarka. Yashin nan shi ne ma'ajiyar. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na yashin rafi sarari ne da ruwa ke zama, kuma da zarar ya nutse kamu biyu ko uku rana ba ta kai masa. Duk tifar da ta tashi ta tafi da wurin ajiya, ta kuma zurfafa cikin rafin, sai ruwan da ke cikin fadamarku ya tsiyaye zuwa can. Ga injinan ban-ruwa da suka yawaita, ga zafin Maris da ya ƙaru. Maganar yashi ta mai unguwa ce da hakimi, ku je a ƙungiyance. Su ma masu yashin abinci suke nema, amma a ware musu wuri can ƙasa da gonaki.

Abin da na fi so ku gani shi ne madatsar yashi irin ta yankunan Machakos da Kitui a Kenya. Ana neman inda fa ya fito a cikin rafi, a gina gajeriyar katangar dutse da siminti a kansa daga gaɓa zuwa gaɓa. Ambaliya ta kawo yashi ya taru a bayanta, laka ta wuce ta sama. Ana ƙara tsayin katangar kaɗan-kaɗan, damina bayan damina, don in aka gina ta da tsayi tashi ɗaya laka za ta tara, laka kuwa ba ta sakin ruwa. In ta cika, sai a tona rijiya a gefe. Ƙasarsu irin tamu ce, fa a ƙasa, rafuka masu ƙafewa da rani. Amma a sa masani ya zaɓi wurin, in ba haka ba ruwa ya zagaye katangar ya ci gonar wani.

A tudu kuma aikin shi ne rage wa ruwa gudu: kunya a gicciye da gangare, jerin duwatsu, barin karan dawa a gona maimakon ƙonewa. 'Yan'uwanmu na Tawa a Nijar da tassa suka farfaɗo da fako, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su kama ruwa. A Burkina Faso marigayi Yacouba Sawadogo da irin wannan ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018.

Kada kuma ku bari a cike muku kududdufi. A kewayen Yamai an auna cewa ruwan ƙasa ya taso da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a tsakani, saboda ruwan da ke gudu daga gonaki yana taruwa a tafkuna ya nutse. Wato ruwa mai ƙarfi ma yana shiga ƙasa in ya samu inda zai tsaya. Kududdufan birnin Zariya da na Kano wannan aikin suke yi tun kaka da kakanni, ana haƙar ƙasar gini, ramin ya tare ambaliya ya shayar da rijiyoyi. Yau ana cike su da shara ana yanka filoti. Akasin haka kuma an gan shi a Hadeja da Nguru: da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar da ke shayar da fadamun can ta ragu, ruwan ƙasa ya bi ta. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasa da tare ruwa na cikin aikinsa. Ku yi rajistar ƙungiyarku ku nemi ofishinsu na jiha da buƙata a rubuce.

Daga wata ɗalibar jami'a a Kawo: Baba, ƙungiyarmu za ta yi dashen itatuwa bana. Gaskiya ne itace na ƙara ruwan rijiya? An ba mu irin itacen turare kyauta.

'Yata, ya danganta da itacen da kuma yawansa. Saiwa da ganyen da ke ruɓewa da gara da ke bi suna buɗe ƙasa ruwa ya shiga, amma itacen shi ma sha yake yi. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka fitar a 2016 ya nuna ruwa ya fi isa ƙasa a inda itatuwa suke jefi-jefi, fiye da fili fetal, fiye kuma da kurmi mai duhu. Wato irin gonar kakanninmu, ɗorawa nan, kaɗanya can. Gawo ma ya fi su dabara, da damina yake zubar da ganye.

Turare yana girma da sauri, yana ba da itacen gini, shi ya sa aka cika dajin Afaka da shi. Amma ba ya hutawa da sha rani da damina. In kun karɓa, ku kai shi tudu, nesa da rijiya da fadama da bakin rafi. A cikin unguwa ku nemi ɗorawa, tsamiya, maɗaci ko mangwaro, ku dasa a watan Yuni ko farkon Yuli da ƙasa ta jiƙa, kowanne a yi masa ɗan kwari a gindi mai faɗin mita guda da ruwan lungu zai taru, kuma a hana mai siminti matsowa kusa da shi. Ku kuma raba sunayen waɗanda za su yi ban-ruwa da kare su daga awaki a ranin farko tun kafin ranar dashe.